Shin sai mai ilimi ne zai kaɗa ƙuri'a? Abin da ya kamata ku sani

Da zarar an kammala zaɓe, akwai maganar da ke tasowa daga ɓangaren waɗanda sakamakon bai yi wa daɗi ba, musamman matasa masu digiri a Facebook da X. Cewa suke yi bai dace ƙuri'ar farfesa ta zo daidai da ta mutumin da bai iya rubuta sunansa ba. A ganinsu, kamata ya yi a riƙa yi wa mutane 'yar jarrabawa kafin a ba su katin zaɓe, ko a ce sai mai takardar gama sakandare, don a huta da masu sayar da ƙuri'arsu a kan taliya da sabulu. Wasu kuma ba maganar ilimi ce ta dame su ba. Su dai a tsaurara batun katin shaida, kada kowa ya kusanci akwati sai ya nuna takardar da hukuma ta yarda da ita.

Ana yawan cakuɗa maganganun nan biyu, alhali kowacce da hanyarta. Ta farko an gwada ta shekara da shekaru a ƙasashe da dama, an kuma ga inda ta kai mutane. Ta biyu tana da hujja mai ƙarfi, sai dai tana da sharaɗi.

Masu son a gindaya ilimi ba su ne farau ba, kuma ba sakarkaru ne suka fara kawo ra'ayin ba. Kusan shekara 2,400 da suka wuce, Aflatun na Girka ya kwatanta ƙasa da jirgin ruwa, ya ce ba a miƙa tuƙinsa ga wanda bai san teku ba don kawai ya iya lallashi. A 1861, masanin Ingila John Stuart Mill ya rubuta cewa wanda bai iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ba bai kamata ya yi zaɓe ba, har ya so a ba masu zurfin karatu ƙuri'a fiye da ɗaya. A Birtaniya an yi hakan a aikace: waɗanda suka gama jami'a suna da ƙarin ƙuri'a ta zaɓar wakilan jami'o'i a majalisa, sai dokar 1948 ta soke ta. Ko a 2016, wani malamin Jami'ar Georgetown ta Amurka, Jason Brennan, ya wallafa littafi yana kare mulkin masana. Damuwarsu guda ce, kuma ba abin rainawa ba ce: ƙuri'ar da ka jefa ba a kanka kaɗai take ƙarewa ba. Idan ka zaɓi ɓarawo ko azzalumi, maƙwabcinka ma zai ɗanɗana kuɗarsa shekara huɗu.

Amma kafin a yarda da maganin da suka kawo, a dubi ƙasar da ta fi kowa shan sa.

Yadda aka yi a Amurka

An kawo ƙarshen bauta a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasa. A 1870 aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar gyara na 15, wanda ya haramta hana ɗan ƙasa zaɓe saboda launin fatarsa ko don ya taɓa zama bawa. Maza baƙaƙen fata suka yi tururuwar rajista, har a wannan shekarar Hiram Revels ya zama sanata daga jihar Misisipi. Abin bai yi wa Turawan jihohin kudu daɗi ba. Da gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga yankin a 1877, sai suka shiga neman dabarar mayar da hannun agogo baya. Ba su da damar rubuta wa a doka cewa baƙar fata ba zai yi zaɓe ba, don haka suka rubuta cewa marar ilimi ba zai yi ba.

Misisipi ce ta buɗe ƙofa a 1890. Sabon kundin jihar ya ce duk mai son rajista sai ya iya karanta kowane sashe na kundin, ko ya fahimce shi idan an karanta masa, ko ya yi masa bayani mai ma'ana. A takarda ba a ambaci launin kowa ba. Amma a tuna cewa a zamanin bauta, jihohin kudu da dama sun yi dokar hukunta duk wanda ya koya wa bawa karatu. Mutanen da aka hana su karatu da ƙarfin doka, su ne aka dawo aka ce ba za su yi zaɓe ba saboda ba su yi karatu ba.

Wannan ma ba shi ne mafi muni ba. Wanda ke zaɓar sashen da za ka karanta, ya kuma yanke ko bayaninka ya yi ma'ana, shi ne akawun rajista na gunduma, kuma Bature ne. Kundin Misisipi na da sassa 285. Idan ɗan'uwansa ya zo, sai ya ba shi layi ɗaya mai sauƙi, ko ma ya taya shi. Idan baƙar fata ne, sai ya buɗo masa sashen da lauya ma sai ya yi nazari. Jihar Luwiziyana ta ƙara nata salon a 1898. Don kada jarrabawar ta rutsa da Turawa talakawa waɗanda su ma ba su iya karatun ba, sai ta ce an ɗauke wa duk wanda shi ko mahaifinsa ko kakansa ke da 'yancin zaɓe kafin farkon 1867, lokacin da babu baƙar fatar da ke da wannan 'yanci a jihar. A 1896 baƙaƙen fata 130,334 ne ke cikin rajistar Luwiziyana. Zuwa 1904 saura 1,342.

A kan jarrabawar aka ɗora harajin zaɓe, dala ɗaya ko biyu a shekara, wanda a wasu jihohin yake taruwa a kan mutum idan bai biya ba. Ga ɗan ƙodagon gonar auduga, wannan kuɗi ne na gaske, kuma ya kori Turawa matalauta da yawa su ma. Kotun Ƙolin Amurka ta soke dabarar nan ta kaka a 1915, amma ita jarrabawar karatun ta amince da ita a 1898, ta sake amincewa da ita a 1959.

Idan da ilimi ake nema da gaske, da mutanen garin Tuskegee na jihar Alabama ba su sha wahala ba, domin a nan ne ɗaya daga cikin fitattun manyan makarantun baƙaƙen fata take. Amma malaman wannan makaranta masu digiri bisa digiri sun yi ta zuwa ofishin rajista ana mayar da su. Haka labarin Fannie Lou Hamer, wata mata 'yar ƙodago a Misisipi. Ta bar makaranta tana da shekara 12, amma ta iya karatu da rubutu, har ita ce ke riƙe da littafin lissafin aikin ma'aikata a gonar da take. Ranar 31 ga Agustan 1962, ita da wasu mutum 17 suka je garin Indianola neman rajista. Aka ba ta wani sashe na kundin jihar mai sarƙaƙiya aka ce ta yi bayaninsa, sannan aka ce ba ta ci ba. Da ta koma gida, mai gonar ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gona. A daren ta fita daga wurin da ta yi wa aiki shekara 18, bayan 'yan kwanaki kuma aka buɗe wa gidan da ta sauka wuta. Ba ta fasa ba, ta yi ta komawa har ta ci a farkon 1963.

A gundumar da garin Selma na jihar Alabama yake, baƙaƙen fata kusan 15,000 ne suka isa zaɓe a farkon 1965, amma waɗanda ke cikin rajista ba su kai 400 ba. Ranar 7 ga Maris na shekarar, 'yan sanda suka far wa masu zanga-zangar lumana kimanin 600 a kan gadar Edmund Pettus da kulake da barkonon tsohuwa, duniya tana kallo a talabijin. Bayan wata biyar, ranar 6 ga Agusta, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe, wadda ta dakatar da jarrabawar a jihohin da abin ya fi ƙamari. A 1970 aka faɗaɗa haramcin zuwa duk ƙasar, a 1975 aka mayar da shi na dindindin. A Misisipi, kafin dokar kashi 6.7 cikin 100 na baƙaƙen fata ne ke da rajista. Zuwa 1967 sun kusa kashi 60. Ba wani sabon ilimi da ya sauka musu cikin shekara biyu. Akawun ne kawai aka ɗauke daga bakin ƙofa.

Abin da ya biyo baya ya fi komai muhimmanci ga mai son fahimtar amfanin ƙuri'a. Wasu masana tattalin arziki biyu, Elizabeth Cascio da Ebonya Washington, sun bi diddigin kuɗin da jihohin kudu ke rabawa gundumomi bayan soke jarrabawar. Sun gano cewa kason gundumomin da baƙaƙen fata suka fi yawa ya ƙaru, kuma yawancin irin wannan kuɗi makarantu ake kashe wa. Sai da mutane suka samu ƙuri'a sannan aka fara tuna makarantun 'ya'yansu.

Wa zai tsara tambayoyin, wa zai yi maki?

Wannan ce tambayar da har yau ban ji mai ra'ayin jarrabawa ya amsa ta ba. Kowace jarrabawa tana da mai tsara ta da mai duba ta, kuma a kowace ƙasa waɗanda ke kan mulki ne za su naɗa su. Mu da muke ganin yadda zaɓen ƙananan hukumomi ke gudana a Najeriya, inda jam'iyyar gwamna kan lashe kusan kowace kujera a hannun hukumar zaɓen jiha, ba ma buƙatar dogon bayani. A ce an ba irin waɗannan jami'ai ikon cewa wane ya ci, wane ya faɗi, wata shida kafin zaɓe. Mazaɓar da aka san ta 'yan adawa ce, mutum nawa za su haye a cikinta? Maguɗin da a yau sai an yi hayar 'yan daba an sace akwati, gobe a ofis za a gama shi da jan biro, kuma bisa doka.

Sai tambaya ta biyu: wane ilimin, kuma da wane harshe? A ƙasar Hausa akwai alaramman da zai rubuta Alƙur'ani sittin da ka, ya rubuta wasiƙa da ajami, ya raba gado ba kuskure, amma ba zai iya karanta sakin layi ɗaya na Turanci ba. Akwai uwar adashin da ke riƙe da lissafin mata hamsin a kanta. Akwai dillalin hatsi a Dawanau da ya san abin da rufe iyaka ya yi wa farashi tun kafin masana su rubuta rahoto. Duk jarrabawar da za a tsara a Abuja da Turanci za a tsara ta, ko a Yamai da Faransanci, kuma waɗannan mutane ne za ta fara zubarwa. Wannan ma ya faru a Amurka, kuma ba a kudu ba: jihar New York ta kafa sharaɗin iya karatun Turanci a 1921, ya kuma hana dubban 'yan asalin Puerto Rico zaɓe, mutanen da 'yan ƙasa ne, sun kuma yi karatunsu da Sifaniyanci.

Mu kanmu an taɓa tsayar da mu a wannan ƙofa. Lokacin da Turawa suka fara yarda da zaɓen 'yan majalisar dokoki a Najeriya a ƙarƙashin tsarin mulkin Clifford na 1922, kujeru huɗu kacal aka ware, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara. Arewa ko wakili ba ta da shi a majalisar. A Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka, bayan 1946 an ba wasu rukunai ne kawai damar zaɓe, irin su sarakuna da ma'aikatan gwamnati da tsofaffin sojoji da masu takardar makaranta da 'yan kasuwa masu lasisi. A 1951 aka ƙara da magidanta da matan da suka haifi 'ya'ya biyu. Sai dokar 23 ga Yunin 1956 ta buɗe wa kowane baligi. Matan kudancin Najeriya sun yi zaɓen 1959, matan Arewa kuwa sai 1976 suka samu dama, kundin 1979 ya tabbatar musu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan fafutuka, ita da ba ta yi zurfi a boko ba. A kowane mataki hujjar masu hanawa iri ɗaya ce, wai mutanen ba su waye ba tukuna.

Akwai kuma wani tarko a cikin lamarin. Ɗan siyasa yana gina makaranta ne a inda yake tsoron ƙuri'a. Idan ka cire marasa karatu daga rajista, ka cire dalilin da zai sa a koya wa 'ya'yansu karatu. Brazil ta hana waɗanda ba su iya karatu ba zaɓe daga 1881 har zuwa 1985, fiye da shekara ɗari, kuma hanin bai sa masu mulki sun yi gaggawar ilimantar da su ba. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Ba su ne suka ƙi gina ajin ba, ba su ne suka ƙi biyan malami ba. A ce idan sun kai shekara 18 a hukunta su a kan laifin da aka yi musu, wannan zalunci ne a kan zalunci. Shi kansa Mill ya yarda cewa wajibi ne al'umma ta fara samar wa kowa hanyar karatu.

Indiya ta ɗauki akasin wannan hanya. Lokacin zaɓenta na farko, daga Oktoban 1951 zuwa Fabrairun 1952, waɗanda suka iya karatu a ƙasar ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Duk da haka ta yi wa mutum kimanin miliyan 173 rajista, maza da mata. Maimakon a gwada mai zaɓe, sai aka sauƙaƙa masa zaɓen: kowane ɗan takara da akwatinsa, kowane akwati da alamar da ido zai gane. Irin abin da iyayenmu suka sani ke nan, fartanyar NPC da tauraron NEPU, daga baya mabuɗin PRP da gida da masarar NPN. A 1975 Firaministar Indiya Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, aka ɗaure 'yan adawa, aka rushe unguwannin talakawa, aka yi wa maza da yawa aikin hana haihuwa a kan dole. Da aka buɗe akwatuna a Maris na 1977, talakawan nan da ake cewa ba su san komai ba suka kayar da jam'iyyarta, ita kanta ta rasa kujerarta.

Shin karatu yana sa mutum ya iya zaɓe? Yana taimakawa wajen gane ƙarya a cikin alƙaluma, ba na musun wannan. Amma ba ya wanke zuciya daga son kai ko ƙabilanci. A Jamus, 'yan Nazi sun karɓe shugabancin ƙungiyar ɗaliban jami'o'in ƙasar ta hanyar zaɓe tun 1931, shekara biyu kafin Hitler ya hau mulki. A gida kuma, a watan Maris na 2021 wata babbar kotu a Akwa Ibom ta yanke wa wani farfesa ɗaurin shekara uku saboda sauya sakamakon zaɓen sanata na 2019 da aka ba shi amanar tattarawa. Tsohuwar da ta karɓi taliya ta yi kuskure, kuma ya kamata a gaya mata. Amma wanda ya sayo taliyar mota-mota, da wanda ya tsara yadda za a raba ta, da daliget ɗin da ake ta ba da labarin sun karɓi daloli a zaɓen fid da gwani, akasarinsu sun yi makaranta. Jarrabawa ba za ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ƙuri'a ba tambayar yadda za a gyara tattalin arziki take yi maka ba, wannan aikin waɗanda aka zaɓa ne da masanan da za su ɗauka. Abin da take tambayarka shi ne, mutanen nan da suka mulke ka, ka yarda su ci gaba ko a canza su? Manomin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, da matar da ta yi naƙuda a kan babur saboda asibitin garinsu ba ungozoma, sun san amsar fiye da wanda ke zaune a unguwar da ba a ɗauke wuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya raba abin biyu. Ga mai neman kujera, daga ɗan majalisar jiha har shugaban ƙasa, ya nemi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Ga mai zaɓe kuwa, sashe na 77 bai nemi komai ba sai zama ɗan ƙasa mazaunin Najeriya da cika shekara 18. Wani zai ce ai shekarun ma sharaɗi ne. Haka ne, amma sharaɗi ne da kowa zai cika idan Allah ya ba shi rai, ba tare da wani akawu ya yi masa maki ba.

Batun katin shaida

Nan maganar ta sha bamban. Tambayar da kati ke amsawa ita ce, kai ne mai wannan suna, kuma ba ka riga ka jefa ba? Wannan tambaya ce ta halal. Wanda ya ga zaɓen Najeriya na 2007, wanda shi kansa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya ci ya yarda yana da naƙasu, ya san abin da rajistar da ba ta da tsaro ke haifarwa: matattu su yi zaɓe, mutum ɗaya ya dangwala sau ɗari, a ga yara ƙanana a layi. Ƙuri'ar bogi ɗaya tana kashe ta gaskiya ɗaya. Don haka rajistar ɗaukar zanen yatsa ta 2011, da na'urar tantance kati ta 2015 a zamanin Farfesa Attahiru Jega, da na'urar BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita, duk ci gaba ne. Kafin zaɓen 2023, hukumar zaɓe ta INEC ta soke sababbin rajista kimanin miliyan 2.7 da ta gano ba su inganta ba, yawancinsu na waɗanda suka yi fiye da sau ɗaya.

Sai dai kati ma yana iya zama jarrabawa ta bayan gida, gwargwadon yadda aka tsara shi. Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa guda da kowa ke riƙe da shi, don haka kowace jiha ke zaɓar takardun da za ta karɓa, a nan ne kuma siyasa ke shiga. Dokar da Texas ta yi a 2011 ta yarda da lasisin riƙe bindiga, ta ƙi yarda da katin ɗalibin jami'a. A 2008 Kotun Ƙoli ta amince da dokar katin hoto ta jihar Indiana, duk da alƙalin da ya rubuta babban hukuncin ya ce ba a kawo shaidar an taɓa kama wani yana zaɓe da sunan wani a rumfa a jihar ba. Daga cikin abin da ya ceci dokar har da cewa katin kyauta ne. Adalci ne kuma a faɗi cewa wani babban bincike da Enrico Cantoni da Vincent Pons suka yi kan zaɓukan Amurka daga 2008 zuwa 2018 bai ga tsauraran dokokin kati sun rage fitowar masu zaɓe sosai ba, bai kuma ga sun rage maguɗi ba. A Ingila, inda aka fara neman katin hoto a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2023, hukumar zaɓen ƙasar ta ce kimanin mutum 14,000 aka mayar daga rumfa ba su dawo ba. A shekarar da ta biyo baya, har Boris Johnson, wanda gwamnatinsa ce ta kawo dokar, sai da aka mayar da shi ya ɗauko kati. Shi ya dawo ya jefa. Wanda ya bar aikin yini ya zo da ƙyar, ba lalle ya dawo ba.

A yankinmu matsalar ta fi haka zurfi, domin mutane da yawa an haife su a gida, ba takardar haihuwa, ba komai. Shi ya sa a Nijar, gab da zaɓen Fabrairun 2016, aka yi ta taƙaddama kan ko wanda sunansa ke cikin rajista amma ba shi da takarda zai iya zaɓe idan mutum biyu suka shaide shi. An yarda daga ƙarshe, 'yan adawa kuma suka ce an buɗe ƙofar maguɗi. A Ghana ma, lokacin sabuwar rajista ta 2020, wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ko fasfo sai ya kawo masu rajista biyu su tsaya masa, kuma mutanen zango sun san yadda sunan mutum kaɗai kan sa a tuhume shi da baƙunta a garin da aka haifi kakansa. Kowane ɓangare a irin wannan gardama yana da abin tsoro na gaske.

Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne a duba a kan wa nauyin yake. Idan hukuma ta ce sai da kati, to wajibinta ne ta kai katin hannun kowa, kyauta, kusa da gida, da isasshen lokaci, sannan a tanadi mafita ga ranar da na'ura ta ƙi aiki. Na'ura kuwa tana ƙi: ranar 28 ga Maris 2015 ta kasa tantance Shugaba Goodluck Jonathan kansa a Otuoke. Manomi da maƙeri da tsohuwar da aiki ya goge wa zanen yatsa sun fi shi fuskantar haka, shi ya sa ƙara tantance fuska a BVAS ya yi amfani. A 2023 mutum miliyan 93.4 ne ke cikin rajista, miliyan 87.2 suka karɓi katinsu. Fiye da miliyan 6 ke nan da doka ta san da su amma ba su da damar jefawa. A cikinsu akwai waɗanda suka yi sakaci, akwai kuma waɗanda suka yi ta zarya zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma da kuɗin motarsu ana ce musu su dawo, da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. Kuɗin motar nan ba shi da bambanci da harajin zaɓen Misisipi a wurin wanda ba shi da shi. Duk wata shawara ta ƙara sabon sharaɗi, ko lambar NIN ce ko wata takarda, a fara tambaya: mutum nawa ne a Zamfara da Yobe da Borno ba su da ita, kuma wa zai kai musu kafin ranar zaɓe?

Masu kukan rashin wayewar masu zaɓe suna da aikin yi idan da gaske suke. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, 'yan takara 73 ne a kan takarda ɗaya, ƙuri'u fiye da miliyan 1.2 kuma suka lalace. A 2023, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Ƙasar da mutum bakwai cikin goma suka zauna a gida ba yawan masu zaɓe ne ke damunta ba, balle a ce a rage su. Abin da ake buƙata shi ne muhawarar 'yan takara da Hausa da Fulatanci da Barbarci a gidajen rediyo, da bayanin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da harshen da mutane ke ji, da gurfanar da masu sayen ƙuri'a, domin doka ta riga ta haramta shi.

Kai kuma mai karatu, idan Allah ya ba ka ilimi, akwai dattijo ko dattijuwa a gidanku da ba su san ko katinsu ya fito ba. Ka duba musu, ka raka su su karɓa, ka nuna musu yadda ake dangwalawa da naɗe takarda don kada tawada ta ɓata ta, ka gaya musu abin da ka sani game da kowane ɗan takara, sannan ka bar su su zaɓi wanda suke so. Rajista da katin zaɓe kyauta ne a Najeriya. Duk wanda ya nemi ku ba shi kuɗi kafin ya miƙa muku, ku kai ƙararsa ofishin INEC mafi kusa.